Kuɗin Ƙafar Babanku

International City, Dubai
Agusta, 2021

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Halifa, ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah Ya sa ka karanta wannan takarda da sanyin zuciya. Allah Ya tsare ka a tafiyar da za ka yi, Ya tsare ka a ƙasa da sama, Ya sauke ka lafiya a inda ba ka da dangi sai Shi.

Na san za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma ina rubuto maka wasiƙa kamar wadda ke Kano. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ban taɓa kamawa a baki ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. In na fara magana kai ma sunkuyar da kai kake yi kana "to Umma, to Umma" har in rasa abin da zan ce. Shi ya sa na ce ƙanwarka Amira ta ajiye maka wannan a kan akwatinka. Ka karanta kafin ranar tafiya, ba a jirgi ba.

Ran nan kuna kicin kai da ƙanwarka, ina jere kaya a falo, na ji abin da ka ce mata. Ka ce makarantar ta Amurka za ka je, amma kuɗin karatun da gwamnatin Amurka ke ba 'ya'yan sojojin da suka nakasa ba za ka karɓa ba. Ka ce gara ka yi wanke-wanke a gidan abinci da ka yi karatu da kuɗin ƙafar Baba. Ban yi fushi ba. Abin da ya sa ban yi ba, na gane muryar. Tawa ce. Ni na shayar da kai wannan kunyar tun ba ka san kanka ba, don haka ni ya kamata in gaya maka inda ta kai ni.

Lokacin da aka ɗaura mana aure babanku ya riga ya daɗe a Amurka, ya shiga sojansu, ya zama ɗan ƙasa. Ta wurinsa ku biyu kuka sami fasfo ɗinsu. Ni ban taɓa zama can ba. Hajiya kakarku ba ta da lafiya, ba mai kula da ita, na zauna da ita a Kano, shi yana zuwa hutu yana komawa. Kana ƙarami aka tura su yaƙi, motarsu ta taka nakiya. Da ya dawo gida bayan doguwar jinya, ya dawo da ƙafar roba daga gwiwa zuwa ƙasa, kunnensa na hagu kuma ba ya ji sosai.

Ka san abin da na gaya wa mutanen unguwa? Na ce haɗarin mota ya yi. Ina tsoron bakin mutane, kar a ce ya je ya yi wa Turawa yaƙi ga abin da ya samo. Na ɗinka masa dogayen wanduna masu faɗi, in baƙi za su zo in ɓoye sandarsa a bayan ƙofa. Shi bai taɓa cewa in yi haka ba, bai kuma hana ni ba. Kana kallo, kana girma. Yaro kuwa ba abin da ake faɗa masa yake ɗauka ba, abin da ya ga ana ɓoyewa shi yake riƙewa.

Da suka sallame shi sun yanka masa fansho na nakasa, amma kaɗan, gwargwadon abin da likitoci suka gani a lokacin. Shekaru suna tafiya bayansa ya fara ciwo saboda yadda yake dogara a gefe ɗaya, kunnen ya ƙara toshewa, barci ya yi masa wuya. Abokansa na soja suka yi ta ce masa ya koma a sake duba shi, doka ta ba shi wannan dama. Duk lokacin da ya tayar da maganar sai in kashe ta. In ce masa mutum da ransa da ƙarfinsa zai je ya tsaya gaban Bature yana lissafa ciwukansa kamar mai bara? In ce Allah ne mai ciyarwa. Shi kuwa ka san halinsa, ba ya son jayayya, sai ya bari.

Sai da muka dawo Dubai a 2016, Baffa Sani ya ba shi aikin kula da sitonsa na aika kaya a unguwar Al Quoz, sannan abin ya warware. Wata rana ana loda kwantena sai bayansa ya riƙe, ya kasa miƙewa, ma'aikata suka kawo shi gida a ɗauke. Baffanku ya biyo su, ya tsaya a bakin ƙofa bai ko zauna ba, ya ce da ni, "Hajiya, wanda ya yi aiki aka ji masa ciwo, in ya karɓi diyya bara ya yi? Da a sitona kwantena ta faɗo masa, da za ki ce kar in biya?" A shekarar babanku ya je aka sake duba shi, suka ce nakasarsa cikakkiya ce kuma ta dindindin. Fansho ya ƙaru, ya sami magani mai kyau, kuma wannan hukuncin ne ya buɗe maka ƙofar kuɗin karatun da kake cewa ba ka so.

Shekarun da na ja masa yana fama da ciwo ba magani na kirki, ba su dawowa. Don haka abu na farko, Halifa: ka bambance roƙo da haƙƙi. Roƙo shi ne ka miƙa hannu ga abin da ba naka ba. Haƙƙi kuwa in ka bar shi ba tsoron Allah ka yi ba, girman kai ka yi, ka sa masa rigar tawakkali. Na san wannan rigar, na daɗe ina sanye da ita.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ban dariya, ko da yake a lokacin ba mu yi dariya ba. Fanshon nakasa na soja ba a cire masa haraji. Da na ji haka sai na yanke hukunci da kaina cewa babanku ba shi da sauran hulɗa da ofishin harajinsu. Ƙasarsu kuwa ko a ina ɗan ƙasa yake zaune suna so duk shekara ya cike takarda ya faɗi abin da ya samu da mutanen da yake ciyarwa, ko da a ƙarshe ba zai biya komai ba. Duk shekara in lokacin ya zo sai ya baje takardu a tebur yana tsaki, ni kuma in ce, "Tunda ba sa cire komai, me ya haɗa ka da su? Nan ma da muke ba a karɓar harajin albashi. Kwashe mana, abinci zan kawo." Tun yana yi har ya daina. Ba wanda ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai na ɗauka na yi dabara.

Sai ga korona. Kai ka san wannan da idonka, amma ba ka san abin da ke faruwa a ɗakinmu ba. Jirage suka tsaya, 'yan kasuwar Kano da ke zuwa sari suka ɗauke ƙafa, kasuwar 'yan Sin da ke gefenmu ta yi tsit kamar maƙabarta. Sito ya cika da kayan mutane ba hanyar fita. Baffa Sani ya rage albashin kowa, har nasa, don kar ya sallami ma'aikata. Fansho yana shigowa, alhamdulillahi, shi ya riƙe mu, amma ga haya, ga makarantarku ku biyu, ga gidan Hajiya a Kano da har yanzu akwai marayu a ciki, ga 'yan uwa da ke bugo waya don sun san muna Dubai. Mutanen gida ba sa yarda wanda ke Dubai zai iya rasa.

Ana cikin haka wata safiya babanku ya ga kuɗi sun shigo asusunsa na Amurka, tallafin da gwamnati ta raba wa 'yan ƙasa saboda annoba. Bai nema ba, sun ɗauko sunansa ne daga cikin masu karɓar fanshon soja. Ya nuna mini yana murmushi. Ni kuwa na tsorata, domin a zaurenmu na mata na waya an turo wani saƙon murya, wata tana rantsuwa cewa tarko ne, duk mai fansho da ya taɓa kuɗin nan za a zare su daga fanshonsa, wani ma an dakatar masa gaba ɗaya. Ban san matar ba, ban san inda take ba. Amma na tsaya kai da fata kar ya taɓa ko sisi.

Haka kuɗin nan suka zauna watanni muna kallon su kamar nama a hannun mai azumi. A lokacin ne na sayar da warwarona biyu a kasuwar zinariya ta Deira. A lokacin ne kuma ka daina zuwa darasin lissafin nan na yamma, ka ce mana wai ka gane komai. Na san ƙarya kake yi don ka rage mana nauyi, na kuma yi shiru. Allah Ya saka maka.

Ashe babu ko ɗaya a cikin abin da matar ta faɗa. Fanshon nakasa ba ya hana mutum tallafin, tallafin kuma ba ya rage fansho. Asarar da muka yi ta wani gefe ce daban, kuma ni na jawo ta. Ana ƙara wa iyaye wani kaso saboda ƙananan yara, amma tunda babanku ya daina cike takardar shekara, ofishin haraji bai san da wata Amira a duniya ba. Nasa kaɗai aka turo. Kai a lokacin ka wuce shekarun da suke ƙirgawa, sai a rabo na ƙarshe aka sa manyan yara irinka. Ni kuwa ba ni da lambar da suke ba mutanensu, ban shiga ko ɗaya ba, har babanku yana tsokanata wai ni ce baƙuwar gidan.

Abu na biyu ke nan. In magana ta shafi doka, ko lafiya, ko addini, kar ka ɗauke ta daga bakin wanda ba za ka iya komawa ka tuhume shi ba. Saƙon murya ba shi da fuska. Ka je inda abin yake, ka tambayi wanda aikinsa ke nan, in ba ka gane ba ka sake tambaya. Za ka je ƙasar da komai sai da takarda, kuma ba sa jin haushin mai tambaya. Ni da na bari babanku ya buga waya ɗaya, da warwarona suna hannuna.

Na ukun ya fi nauyi, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Da na gane mun yi asarar kason Amira sai na juye, daga mai tsoron kuɗin na koma mai neman su ido rufe. Wata ƙawata a unguwar Karama ta haɗa ni da ƙanin mijinta, wai gwani ne wurin cike wa mutane takardun harajin Amurka. Muka yi waya. Bakinsa kamar zuma. Ya ce kason yarinya ƙaramin abu ne, akwai wani rangwame babba da ake mayar wa masu ƙaramin albashi da ke da yara, zai samo mana shi har na shekarun baya. Abin da zai yi kawai, ya rubuta fanshon a matsayin albashi, ya kuma sa adireshin wani gida a can kamar muna zaune a ciki. Ya ce kowa haka yake yi, halas, shi zai ɗauki kasonsa in kuɗi sun fito.

Halifa, na buɗe jakar babanku ba da saninsa ba, na ɗauki hoton fasfo ɗinsa da katinsa da naku, na tura wa mutumin da ban taɓa gani ba. A raina wai zan ba shi mamaki, in gyara abin da na ɓata.

Allah Ya taimake ni mutumin ya buƙaci sa hannu, dole na faɗa. Bayan sallar la'asar ne, yana zaune ya cire ƙafar yana shafa mai a dungulmin. Na gama bayani ina jiran ya yi murna. Ya ajiye man a gefe. Sannan ya ce wancan rangwamen na masu aiki ne da ke zaune a ƙasar, fansho kuma ba ladan aiki ba ne a wurinsu, mu ma ba a can muke ba, ta ko'ina bai hau kanmu ba. Ya ce in aka kama ƙarya a takarda ɗaya, duk sauran takardunsa za a bi da zargi, har wadda za ta kai ka makaranta.

Sai ya ɗaga ƙafar robar ya ajiye ta a gabana ya ce, "Maman Amira, wannan da gaskiya na same ta, abin da suke ba ni a kanta ma da gaskiya ne. Kina so in ɗora ƙarya a kai? Ba za ta ɗauka ba."

Bai ƙara ba. Bai ɗaga murya ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Washegari ya wuni yana waya da banki da ofisoshinsu yana sa a kulle duk wata kafa da za a iya amfani da sunayenku. Ka san yadda waya ke wahalar da shi da kunnen nan, sai ya ce a maimaita, a sake maimaitawa. Ina zaune a gefe ina jin kunyar da ban taɓa ji ba. Mutumin ya yi ta kira, daga lallashi ya koma zagi, daga baya ya ɓace. Allah Ya rufa asiri, ba abin da ya biyo baya.

Dubi yadda abin yake. Da farko na hana shi karɓar abin da yake nasa, daga baya na tura shi ya ɗauki abin da ba nasa ba. Ka ga kamar hanya biyu ce, amma rami ɗaya suke faɗawa, domin duka biyun ban tsaya na san iyakar haƙƙinmu ba. Wanda ya san nasa ba ya jin kunyar ɗauka, ba ya kuma leƙen na wani. A can za ka haɗu da irin wannan mutumin, wataƙila ma Bahaushe ɗan uwanka, ya kira ka ɗan gida, ya ce kowa haka yake yi. Lambarka da fasfo ɗinka kar su shiga wayar kowa. Kuma in ka yi aure wata rana, kar ka yi wa iyalinka alheri a ɓoye da abin da ba naka kaɗai ba.

Ƙarshen lamarin ya yi daɗi. Wani abokinsa na soja ya haɗa shi da wata dattijuwa, ita ma tsohuwar soja ce, tana taimaka wa irinsu kyauta. Ta waya mai hoto suka yi ta zama, ita safiya mu yamma, karenta yana haushi a bayanta. Suka cike na shekarun da aka tsallake, ba a ce ya biya komai ba. Ta ware masa abin da ya hau kansa da wanda bai hau ba, ba ta ƙara ba ta rage. Bana kason Amira ya fito, naka na rabon ƙarshe ma ya zo. Da shi aka sayi tikitinka da rigar sanyin nan da kake cewa ta yi maka girma. Na zauna a duk zaman, ina kawo shayi ina saurare, har matar ta koyi cewa "sannu". Yanzu ni ke tuna wa babanku in lokacin takarda ya zo. Sito ya dawo da aiki, 'yan sari sun fara zuwa, warwaro ɗaya ya dawo, ɗayan ma na hango shi. Ba mu da abin cewa sai godiya.

Kai ma in ka sami ɗan aiki a makaranta, ban hana ka ba, aiki mutunci ne. Amma ka yi shi don ƙari, ba don ka guje wa kuɗin karatun ba. Kamar yadda dattijuwar ta bayyana mana, kuɗin karatun ba a cire masa haraji, albashinka kuwa sai ka faɗe shi duk shekara komai ƙanƙantarsa. Kafin ka cike komai ka kira babanku, domin har yanzu kana cikin waɗanda ya rubuta yana ciyarwa, kar ku yi karo. Dokokin nasu suna canjawa, abin da na sani bana ba lalle ya kai baɗi ba.

Sauran ƙananan abubuwa. Kilishin da Gwaggo ta aiko ka cinye shi a nan, ba sa barin nama ya shiga, kar a tsare ka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya na ƙulle maka, in sun tambaya ka nuna musu. Ka nemi masallaci tun satin farko. Sanyinsu ba irin na esi ba ne, ka sa rigar ko ta yi girma. Ka riƙa kiran Amira, za ta nuna ba ta damu ba, amma tun jiya take kuka a banɗaki.

Maganar da ka yi a kicin, ba ni kaɗai na ji ba. Kunne ɗaya gare shi, amma wannan ya shiga. Bai ce maka komai ba, ba kuma zai ce ba. Ni ya gaya wa, muna shan shayi. Ya ce ranar da ya farka a asibiti ya ga abin da ya rage na ƙafarsa, abin da ya fara zuwa ransa shi ne yaron nan ko wa zai yi masa makaranta. Ya ce, "Ƙafar ta riga ta tafi, ba ta dawowa. In ta kai shi jami'a, ai ta yi tafiyar da ta fi wadda za ta yi a jikina."

To ka ji. In ka ƙi karɓa ba gwamnatin Amurka ka mayar wa ba, shi ka mayar wa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar tafiya zai ce shi zai ja maka babban akwatin daga mota har wurin awo. Filin jirgin nan ka san tsawonsa, ka kuma san tafiyarsa. Kar ka karɓe, kar ka nemo masa keken turawa, kar ka wuce gaba kana waiwaye. Mu fita da wuri, ka jera da shi kafaɗa da kafaɗa, duk wanda zai kalla ya kalla. Ni zan biyo ku a baya, sandarsa tana hannuna, a fili.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ilimi mai amfani da abokai na gari. Ya tsare ka daga haram komai ƙyallinta, Ya wadata ka da halal komai ƙanƙantarta. Ya kiyaye fitarka da shigarka, Ya dawo mana da kai muna raye muna masu alfahari. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Ummanka